Farin da Dada Ta Kaɗa

Aike ne ya fara kai ni tashar jirgin ruwa ta Garwa. Inna, uwar mijina, ita ke dafa abincin sadaka duk ranar Juma'a tun kafin a kawo ni gidan, kuma da ƙafarta take kaiwa. Da gwiwoyinta suka fara yi mata gardama, sai ta dube ni wata safiya ta ce, "Ke 'yar nan, bakinki ya fi hannunki aiki. Ɗauki kwanon nan ki je ki yi surutun a inda za a ba ki lada." Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa. Ni da magana ba a raba mu, ga shi har yanzu kuna gani.

Gidanmu gidan fatake ne. Kakannin mijina daga Kano suka zo suka zauna suna sayar da yadi, kuma yadin nan shi muke ci, shi muke sha. Inna ba ta zama a kasuwa, amma daga kan tabarmarta take juya rabin cinikin gidan. Mace ce da ba ta yarda ƙyalle ko kamar tafin hannu ya tafi a banza. Guntayen da suka rage a rumfarmu ta kasuwa ita ke tarawa, ta aika wa maƙwabciyarmu da muke kira Madam, wata Kirista daga duwatsun arewa mai keken ɗinki, ita kuma ta harhaɗa su su zama riguna da zannuwa ba tare da ta karɓi ko sisi ba. Ni da Madam muke tafiya. Mu ɗora kwanukan tuwon dawa da miyar yakuwa da ƙunshin tufafi a pus-pus, keken turawan nan na 'yan dako, muna biye muna hira, ta yi Fulatanci in mayar mata da Hausa, in abu ya cije mu haɗa da Faransancin da ba mu iya ba.

A da, in damina ta yi nisa kogin Binuwai ya cika, jirage kan hauro daga ƙetare su kwashi auduga da gyaɗa. Tun da aka yi yaƙin basasar nan a can ƙetaren, jirage suka ɗauke ƙafa, manyan rumfunan kwanon da ake tara kaya suka zama kango. To, a nan waɗanda ba su da wurin kwana suka taru. Akwai tsofaffin 'yan dako da bayansu ya mutu, akwai makiyayan da fari ya cinye musu shanu, akwai wata mata da ke magana da wanda ba ma gani. Ranar farko da na shiga, wari da zafin kwano suka buge ni, na ce a raina ba zan sake zuwa ba. Juma'a na zagayowa na ga kaina a bayan pus-pus.

A can ƙuryar rumfa ta ƙasa, wadda ta fi kusa da ruwa, wata tsohuwa ke zaune. Dada kowa ke ce mata. Daga wajen Bogo ta biyo ɗanta da ke aikin lebura a jirgi. Shekarar da jirage suka yi zuwan ƙarshe ya bi su, ya ce ta jira shi damina mai zuwa. Ɗakin da ya kama mata aka karɓe, ita kuma ta ƙi komawa gida don kada ya sauka bai same ta ba. 'Yar ƙanƙanuwa ce, baƙa, haƙoranta sun zube, amma idonta tar. Abinci tana karɓa da hannu biyu, ta yi addu'a har sai na gaji da cewa amin. Tufafi ma tana karɓa, sai dai ranar da na kai mata atamfar bikin ƙasa mai hoton shugaban ƙasa, ɗan garinmu. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "'Yata, yanzu in ɗaura wannan in zauna a kan fuskar mutum? Me ya yi mini?" Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar muka shaƙu.

Kullum muka je, mazari na hannunta. Lokacin auduga, manyan motoci kan wuce ta hanyar tasha maƙare da kaya, iska na fizgar ɗan abin da ta fizga ta watsar a gefen titi da kan ƙaya. Dada ta bi ta tsince, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna tana kaɗi. Na ɗauka sayarwa take yi. Da na ga ba ta taɓa kai zare kasuwa ba, kuma zanen jikinta duk faci ne, sai bakina ya kasa haƙuri. Na ce, "Dada, wannan zare haka, gizo-gizo za ki gada?"

Ta ci gaba da kaɗinta. Amsar ta zo ne wata Juma'a da muka tarar ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan dakon ya rasu. Ba shi da kowa, ba wanda ya san garinsu. Muna tsaye motar hukuma ta zo da fursunoni, suka naɗe shi a tabarmar da yake kwana da tsumman jikinsa, suka ɗora a baya suka tafi. Ba mugunta suka yi ba, aikin da aka sa su ke nan. Amma ba wanka, ba likkafani, ba sallah, kuma ba wanda ya san ramin da aka sa shi. Ƙafafunsa sun leƙo ta ƙarshen tabarma, wannan ƙafafun har yau ina ganinsu.

Da motar ta ɓace, Dada ta kama hannuna ta ja ni ƙuryarta. Ta zaro wani ƙunshi daga ƙarƙashin buhun da take matashi da shi, ta kwance. Farin saƙa ne, ƙwarya-ƙwarya, wato dogayen sirara yadda suke fitowa daga masaƙa, ta ɗinke su da hannu gefe da gefe. Ta ce wani masaƙi a bayan kasuwa ke saƙa mata, ya ɗebi rabonsa a cikin zaren.

Ta ce, "Kin ga abin da nake kaɗawa. Ba na tsoron mutuwa, 'yata. Motar nan nake tsoro."

Sai halina ya motsa, na ce, "Haba Dada! Don wannan kike bin titi a rana kina tsintar auduga? Gidanmu fa gidan yadi ne. Gobe-goben nan in kawo miki farin yadin alawayyo sabo fil, har ya yi saura."

Ta girgiza kai. Ta ce abin da ke cikinta sadaka ne, abin da ke jikinta sadaka ne, inuwar da take kwana ma ba tata ba ce. "Duk na karɓa, na gode. Amma rigar da zan je gaban Ubangijina da ita, ina so ta zama gumina. Uwata haka ta yi, kakata haka ta yi. Kada in je can ma a ce ga mai bara ta iso." Ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa kowa ba, don in an ji za a ce tana kiran mutuwa, ko wani ya ɗauke ya sayar. Na yi alkawari. Na koma gida ina ta masifa ni kaɗai a hanya, wai tsohuwa da taurin kai, alhali hawaye ne ke neman zubo mini.

Tun daga nan na gane amfanin tuwon da nake kaiwa. Duk ranar da ta ƙoshi, ba sai ta sayar da zare ta ci ba. Sai na riƙa ƙara mata da garin kunu da ƙuli-ƙuli da za su kai ta tsakiyar mako. Madam ba ta san dalili ba, amma ta lura da tsintar audugar, sai ga ta ita ma tana sunkuyawa a hanya tana cusa abin da ta samu a bakin zane. Dada ba ta karɓar wannan. Sai Madam ta koma zubarwa kusa da ƙofar rumfa kamar iska ce ta kawo, tsohuwar kuma ta yi kamar ba ta gani ba, ta tsince. Haka aka yi ta yi, rani ya wuce, wani ranin ya zo ya wuce. Wata Juma'a Dada ta raɗa mini cewa farin ya cika, har da ɗankwali da mayafi, yadda ake yi wa mace. Ranar ta cinye tuwonta tas ta nemi ƙari.

A daminar shekarar Binuwai ya yi cikar da ya daɗe bai yi ba. Wata safiya ruwa ya shigo rumfar ƙasa, mutane suka kwashi abin da suka iya suka hau tudu. Dada na fama da zazzaɓi, ɗaukarta aka yi. Ƙunshin ya kwana a cikin laka, kusa da wasu tsofaffin gangunan ƙarfe, kafin wani ya tsamo mata. Da na je na same ta a rumfar sama tana rawar sanyi, ta rungume shi, laka na ɗiga. Muka buɗe. Jar laka ta shiga ko'ina, ga tsatsa ta yi masa taswira. Na ce ta ba ni in kai gida in wanke, mu da muka san kan yadi. Da ƙyar ta saki.

Na wanke da sabulu, na jiƙa da toka, na goga lemun tsami na shanya a rana. Laka ta fita, tsatsa ta ce tana nan daram. Ina cikin wannan fama aka aiko ƙanwata ta haihu a Ngawundere, haihuwar kuma ta zo da wahala. Na linke farin na ɗora a kan akwatina, na ce wa Inna kayan tsohuwar tasha ne da ruwa ya ɓata, in na dawo zan ci gaba. Abin da na faɗa ke nan, don alkawari ya ɗaure mini baki. Na hau mota, hanya ta lalace da ruwa, tafiyar da na yi niyyar yi a gurguje ta ja.

To, ku da ba ku tashi a gidan yadi ba, ku sani: a wurinmu farin da ya ɓaci ba asara ba ne. Marina ake kai shi. Ko bandir ne ruwa ya taɓa a hanya, ko ɓera ya yi masa fitsari, sai a tura shi cikin ruwan baba ya fito baƙi, a kai wa mabuga su buge shi da shuni, ya dawo ya fi yadda yake tsada. Wannan a jinin Inna yake, ba sai ta yi tunani ba. Ta ɗaga farin nan ta ga saƙar hannu mai kyau, zare siriri, ga tabo. Ta ce kai, baiwar Allah nan tana da irin wannan take yawo da tsumma? Ta haɗa da kayan rumfarmu ta aika marina, ta biya rini mai kyau daga aljihunta, ta ce a buga shi sosai.

Ina dawowa, ko mayafi ban cire ba, ta kira ni tana murmushi. "Zo ki ga abin da na yi wa tsohuwarki." Ta buɗe. Wayyo Allah! Baƙi wuluk, yana ƙyalli yana ɗaukar ido, ƙamshin shuni ya cika ɗaki. Ban taɓa ganin zane mai kyau da ya tsorata ni haka ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban Inna ba, na ɗora hannu a ka na kurma ihu, na ce, "Inna, kin kashe ni! Likkafaninta ne!"

Murmushin ya bushe a fuskarta. Na zauna a ƙasa na kwashe labari na gaya mata, alkawari ya riga ya tashi aiki. Ba ta yi mini faɗan ihun ba, ba ta ce me ya sa ban faɗa ba. Ta daɗe tana kallon zanen, ta ce, "Shekara nawa tana kaɗa shi?" Na ce tun kafin in san ta. Ta ce, "Innalillahi."

Ni na kai mata, don ba wanda zan ɗora wa. Madam ta raka ni, a hanya na gaya mata komai, ta yi ta salati irin nasu. Dada ta ɗan farfaɗo daga zazzaɓin amma ta rame, hannunta na karkarwa. Na durƙusa na ajiye a gabanta na faɗi yadda aka yi. Na so ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta shafa zanen a hankali, shuni ya kama mata yatsu. Ta ce, "Kai, ya yi kyau. Ko ranar aurena ban ɗaura irin wannan ba." Sannan ta lalubo mazarinta ta riƙe, ta dubi hanyar da motocin auduga ke bi. Lokacin ko fure audugar ba ta gama yi ba, kuma ni da ita duk mun san hannun nan ba zai sake kaɗa wani ba.

Na je wurin malamin unguwarmu na tambaya, ya ce fari ne aka fi so, amma in babu, wani launin ma ya halatta. Na kai mata wannan da gudu. Ta ce, "Malam ya yi gaskiya. Amma ni fari na gani a jikin uwata." Na sake kawo zancen alawayyo, ta ce in bar maganar. Tuwon ma ta fara rage ci. Na koma gida na rasa inda zan sa kaina, haushin Inna nake ji, haushin tsohuwar nake ji, haushin kogin ma nake ji.

Juma'ar da ta biyo, muna ɗora kwanuka, sai ga Inna ta fito da mayafinta da sanda, an biyo ta da bandir ɗin alawayyo. Ta ce a ɗora ta a pus-pus. Mijina ya ce, "Haba Inna, bari in nemo mota mana." Ta ce, "Da can da nake zuwa da ƙafata ka nemo mini mota?" Haka muka ratsa gari, babbar mace tana zaune a kan yadi tsakanin kwanukan tuwo, mutane na gaishe ta suna ƙunshe dariya, ita kuwa ko a jikinta.

Na zaci haƙuri za ta ba da. Ina! Aka shimfiɗa mata tabarma a gaban Dada, suka gaisa gaisuwar manya, ta gajiya, ta jiki, ta ruwa. Sannan Inna ta ce, "Baiwar Allah, an ce kina da zane baƙi na sayarwa. Fito da shi in gani."

Dada ta dube ta, ta dubi bandir ɗin, ta dube ni. Na ga idon nan ya dawo tar. Ta miƙa zanen. Inna ta ɗaga shi a haske, ta ja gefe, ta lalubi ɗinki, ta taɓe baki yadda take yi wa dillalai. Ta ce saƙar ba laifi, amma ƙwaryar ba ta da faɗi, ga wani wuri zaren ya yi kauri. Ta auna alawayyo da kamu, ta tsaya a inda ko yaro ba zai isa ba, ta ce, "Ga abin da zan iya."

Na buɗe baki zan yi magana, Madam ta take mini ƙafa.

Dada ta ce, "Albarka." Ta janye zanenta ta ɗora a cinya. "Hajiya, wannan ba na inji ba ne. Kowane zare da yawuna a jiki. Wurin da kika ce ya yi kauri, lokacin sanyi ne, yatsu ba sa lanƙwasuwa. Ki taya da mutunci ko ki bar mini kayana."

Tabɗi! Aka shiga ciniki na gaske. Inna ta ce ai rinin ita ta biya, a cire mata. Dada ta ce wa ya aike ta? Mutanen rumfa suka kewaye mu, wannan ya ce a ƙara, wancan ya ce a sallama. Inna ta yi kamar za ta tashi, ta kira mai pus-pus, Dada ko kallonta ba ta yi ba. Inna ta koma ta zauna tana ƙunƙuni, ta ƙara kamu, ta sake ƙarawa. Sai da farin ya kai abin da zai suturta mace har da ɗankwali da mayafi, sannan Dada ta sa hannu ta auna da kanta, ta ce, "Na sallama." Inna ta yaga yadin, ƙarar ta cika rumfa. A nan na gane abin da ya sa ta tsaya taɓe baki da ja-in-ja: da ta miƙa a sauƙaƙe, da ya zama sadaka.

Inna na naɗe baƙin zanen, Dada ta ce, "Hajiya, ba gyara?"

Kowa ya yi dariya, don a kasuwa in an gama ciniki akan ɗan ƙara wa mutum wani abu a kai. Inna ta ce, "Kin tatse ni, kuma kina neman gyara? To, faɗi."

Dada ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In ranar ta zo, kada a bar motar nan ta ɗauke ni."

Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta ce, "An ba ki."

Dada ta ga farkon auduga ta shekarar, amma ba ta tsinta ba. Wata safiya, ba ma Juma'a ba, matar nan mai magana ita kaɗai ta zo har ƙofar gidanmu, ta tsaya ta ce, "Mai zare ta ƙi tashi." Yadda ta san gidan, Allah kaɗai ya sani. Madam ta riga ni isa, don ni na tsaya neman mijina da maza. Da muka iso motar hukuma na tsaye, Madam kuma ta zauna daram a bakin ƙuryar ta baje ƙafafu, tana zazzaga wa direba Faransancin da ban san ta iya ba, wai sai dai a haɗa da ita a ɗora. Mijina ya yi musu bayani cewa tana da masu ita. Suka tafi.

A gidanmu aka yi mata wanka, a bayan ɗakin Inna. Inna da gwiwoyin nan nata ta durƙusa ta yi da hannunta, ni ina zuba ruwa. Mun tarar da farin alawayyon a ƙarƙashin buhun matashinta, a linke, ko ƙura bai taɓa ba. Ya isa har ya yi saura kaɗan. Mazan unguwa suka yi mata sallah a ƙofar gida, sahu ya yi tsawo, aka kai ta maƙabartar da kakannin mijina suke. Ɗanta bai zo ba, har yau ban ji labarinsa ba.

Da rana mata suka fara shigowa gaisuwa, don an ga gawa ta fita daga gidan. Inna na zaune a tabarmarta ta ɗaura baƙin zanen nan, shuni duk ya kama mata hannu. Wata ta durƙusa ta ce, "Hajiya, sannu da haƙuri. Ba mu ji rashin lafiya ba. 'Yar'uwa ce daga Kano?"

Inna ta shafa zanen a kan gwiwarta, ta ce, "A'a. Abokiyar cinikina ce."